Wata ɗaya a mota mai ɗaki, daga Tanja zuwa Sidi Ifni: hutu ne ko yawon banza?

Baban Nana:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tun da na sa hotunan nan mutane ke bina ta bayan fage, wai wace irin mota ce mai labule da murhu, kuma ina ne wannan bakin ruwa. Maimakon in amsa wa kowa ɗaya-ɗaya, bari in zuba a nan gaba ɗaya.

Motar ita ce Faransawa ke ce wa kampin-kar. Ni mota mai ɗaki nake ce mata, uwargida kuwa kunkuru take kiranta. Tsohuwar Fiat Ducato ce, na saye ta hannun wani dattijo da muka yi tuƙin bas tare a nan Liyon, ciwon gwiwa ya hana shi hawa. A ciki akwai gadon mutum biyu can baya, tebur da kujeru, murhun gas, ɗan firji, tankin ruwa mai cin lita 100, sai wani ɗan tsukukun ban-ɗaki da ba ka iya miƙe hannu a cikinsa.

Na tara hutuna na shekara na ɗauke shi a Janairu. Daga Liyon zuwa Aljasiras, can ƙarshen Sifaniya, kwana uku muka yi, wajen kilomita 1,800. Jirgin ruwa ya ɗauke mu da motar, cikin awa ɗaya da rabi sai ga mu a tashar Tanja Med, a ƙasar Maroko. Daga nan muka sa teku a hannun dama muka yi ta gangarawa kudu: Asila, Rabat, Kasablanka, Eljadida, Walidiya, Safi, Sawira, Agadir, Tiznit, har Sidi Ifni, inda muka juyo. A Maroko ba mu taɓa wuce kilomita 200 a yini ba, wani wurin ma kwana huɗu muka yi ba mu tada injin ba.

Na baro abokan aiki suna kankare ƙanƙara daga gilashin mota da asuba. A Agadir da azahar riga ɗaya nake sawa. Amma kada rana ta ruɗe ku, da dare sai da bargo biyu, ruwan tekun kuwa na sa ƙafa sau ɗaya na ce na yafe.

Ɗan Kurmi:
Wa alaikumus salam. Alhaji, Allah ya huta gajiya. Amma ni ban gane ba. Kana da gida mai ɗumi, ka kulle shi, ka je ka kwana a mota wata guda kamar yaron tirela? Kuma da kuɗinka? Da can na san in mutum ya ce zai yi tafiya, ko fatauci ne, ko neman ilimi, ko ziyarar dangi, ko Makka. Wannan a wane layi za mu sa ta?

Uwar Biyu:
Layin masu hali mana, Alhaji. Ni dai hoton nan na shayi a kan tebur ga teku ta taga ya tsaya mini a rai. Baban Nana, nawa abin ya ci gaba ɗaya, in ba sirri ba ne?

Baban Nana:
Ba sirri, Hajiya. Gazuwal ne ya fi cin kuɗi, don motar tana shan kusan lita 11 a kowace kilomita 100, kuma zuwa da dawowa mun haura kilomita 5,000. Sai kuɗin jirgin ruwa. Wurin kwana bai da tsada: filayen da aka tanada domin irin motocin nan, masu ruwa da wuta da wurin wanka, muna biyan dirhami 80 zuwa 120 a dare, wato kamar yuro 8 zuwa 11. Wani lokaci a fakin ɗin bakin ruwa muke kwana, mu ba mai gadi dirhami 30. Tukunyar gas mai kilo 12 dirhami 50 ce, gwamnatinsu na tallafa mata, ta kuma kai mu har gida. Abinci kuwa ya fi na Faransa araha nesa ba kusa ba. In na haɗa komai, bai kai kuɗin tikitin jirgin sama na mu biyu zuwa Yamai da tsarabar da za mu ɗauka ba.

Ɗan Kurmi:
Yawwa, ka kawo kanka inda nake so. Ashe dai kuɗin zuwa gida ne aka kai wa kifi. Yaushe rabonka da Damagaram?

Baban Nana:
Shekara biyu. Kuma Alhaji, ka san Allah, in na je gida ba hutu nake yi ba. Daga saukata zuwa tashina ina kan tabarma ina sauraron ƙara: rufin ɗakin wane ya zube, 'yar wane za ta yi aure, filin gado an kasa rabawa. Ina yi da zuciya ɗaya, haƙƙi ne, kuma aiken wata-wata bai taɓa yankewa ba ko a watan da muke kan hanya. Amma shekara 27 ke nan ina Faransa, ban taɓa yin wata guda da ba wanda ke jiran in yi masa wani abu ba sai wannan karon.

Maman Nana:
Ni fa na ga ana ta yabon maigida, bari in faɗi nawa. Shi ya huta. Ni kicin aka sa wa taya aka bi ni da shi har bakin teku. Murhun nan in ka ɗora tukunyar tuwo ba wurin ta miya sai ka karkata ta. Wanke-wanke a wani ɗan kwano kamar na wanke hannu. In zan buɗe firji sai ya ɗaga ƙafa, in zai fita sai na tashi. Shekara talatin da aure ban san yana minshari haka ba sai da aka rufe mu a akwati ɗaya.

Ga iskar Sawira. Na yi wanki na shanya a igiyar da ya ɗaura tsakanin motar da wata bishiya, na shiga in duba miya. Fitowar da zan yi sai na hango zanena mai ruwan goro yana tafiya a sama kamar shirwa. Wani tsohon Bajamushe ne ya bi shi da keke ya kamo mini, ya kawo shi a ninke da hannu biyu, kunya kamar in nutse.

Uwar Biyu:
Wayyo cikina! Yaya, ai da kin bar masa ya kai wa matarsa tsaraba. To amma tsakaninki da Allah, in aka ce gobe a koma, za ki?

Maman Nana:
Zan koma mana, wa ya ƙi daɗi. Amma da sharaɗi, zan faɗa daga baya. Abin da ya saye ni kifi ne. A Safi da Sawira kina tsaye jiragen masunta za su shigo, ki sayi sadin ɗanye, idonsa na ƙyalli, ki miƙa wa masu gashi a gefe su gasa miki da gishiri kawai. Na tafi da kuka da daddawa da yaji daga gida, garin alkamarsu na kuskus kuwa yana yin tuwo sumul. Ranar da na yi miyar kuka da gasasshen kifi, matar Bajamushen nan ta leƙo wai ƙamshin me take ji. Na zuba mata. Ta ci, ta yi shiru, ta ce a ƙara mata kifin.

Ɗalibin Rabat:
Mama, wannan kifin ai kun daɗe kuna cinsa ba ku sani ba. Sadin ɗin gwangwani na Titus da ake sa wa a burodi a Kano da Maraɗi, a duba jikin gwangwanin, daga Maroko yake. Ba ƙasar da ta kai su fitar da sadin na gwangwani a duniya. Sanyin ruwan da Baba ya ce ya hana shi wanka shi ne arzikinsu: akwai igiyar ruwa mai sanyi da ke gangarowa ta gaɓar nan zuwa wajen tsibiran Kanari, tana taso da abincin kifi daga ƙasan teku.

Makaniken Hambug:
Sannunku. Ni abin da nake so masu sha'awa su sani kafin su zuba kuɗi: lasisin ƙaramar mota na Turai tan uku da rabi ya ba ka, ba ƙari. Motocin nan kuwa ko babu kowa ciki sun kusa tan uku. Ka cika tanki, kilo 100 ke nan. Ka sa mutum biyu, tukunyar gas, kekuna, buhun shinkafa, tukwanen Hajiya, sai ka wuce iyaka ba ka sani ba. In aka ɗora ka a sikeli tara ce, in kuwa hatsari ya faru inshora na iya zame maka. Na biyu, mai sayen tsohuwa kada ya tsaya kallon injin kaɗai. Injin Ducato jaki ne. Ciwon motocin nan danshi ne: ruwa ya shiga ta gefen taga ko ta rufi ya ruɓar da katakon cikin bango. Ka danna bangon da yatsa a kowace kusurwa, in ya lotsa ka yi sallama ka tafi.

Baban Nana:
Injiniya, ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Akwai wani tabo a saman gado, ta kusurwar hagu, da nake ta yi kamar ban gani ba.

Makaniken Hambug:
Ɗauko hotonsa da rana ka turo. Kuma ka gaya musu maganar kaset, kada ka ɓoye, don ita ce ke raba masu sha'awa da masu iyawa.

Baban Nana:
To, a gafarce ni, magana ce ta bayan gida. Ban-ɗakin motar ba rami gare shi ba, wata jarka ce a ƙasa mai cin lita 18 ko kusa da haka, ita ce kaset. In ta cika sai ka zaro ta ta waje, ka ja ta zuwa inda aka tanada, ka juye, ka ɗauraye. Turawa da takarda suke amfani, tasu kan kai kwana uku. Mu masu buta kuwa, yini ɗaya da rabi ta cika. Don haka kusan kullum da safe za ka ga Alhaji guda, da hularsa, yana jan jarka a bayan tsoffin Turawa, ana layi ana gaisawa. Ranar farko na ji nauyin abin. Daga baya na ga wanda ke gabana tsohon likita ne, na bayana kuma ya ce injiniyan jirgin ƙasa ne kafin ya yi ritaya, kowa da jarkarsa.

Ɗan Kurmi:
Innalillahi! Alhaji, ka biya kuɗi ka zama mai kwasar masai? Wallahi ko kyauta aka ba ni motar nan sai dai in zuba mata atamfa in kai Kwari.

Ɗalibin Rabat:
Gara Baba da ke kaiwa inda aka tanada. Abin da ya ɓata sunan masu motocin nan a wurin mutanen gaɓa shi ne waɗanda ke juyewa a bayan duwatsu ko cikin kwata. Duk hunturu dubbansu ke shigowa, yawancinsu 'yan fansho daga Faransa da Jamus da Holan, suna gudun sanyi da kuɗin ɗumama gida. A da sukan yi sansani kyauta a bakin ruwa wajen Tagazut, arewa da Agadir, wata da watanni, har hukuma ta hana a wurare da yawa. Sannan ga ruwa. Ƙasar ta yi shekaru a jere tana fama da fari, har Agadir ta koma shan ruwan teku da ake tacewa a wata babbar masana'anta a yankin Shtuka. Mutumin ƙauye da ke auna ruwa da bokiti, ya ga baƙo ya ja tiyo yana wanke mota, ai dole ransa ya sosu. Wani abokin karatuna ɗan can yakan ce suna zuwa da komai nasu, burodi kawai suke saya. Ya ɗan yi ƙari, don masu gyaran mota da masu ɗinkin rumfa da masu sa farantin sola a Agadir da Tiznit da su suke ci, amma akwai ƙamshin gaskiya.

Malam Na Bakin Kasuwa:
Salamu alaikum. Na biyo zancen tun daga sama. Alhaji Baban Nana, yaya kuka yi da salla? Kasaru kuka yi ta yi wata guda, ko kuwa tunda gidan na tare da ku kun ɗauki kanku mazauna?

Baban Nana:
Allah ya gafarta Malam, wannan ta sa mu gardama da uwargida tun a Sifaniya. Ita ta ce mutumin da ke kwana a gadonsa, yana cin tuwon matarsa, ina wahalar da zai yi wa kasaru? Ni na ce tafiya tafiya ce. Abin da muka yi: ranar da muke kan hanya mu yi kasaru, inda muka yi niyyar daɗewa mu cika. Alƙibla kuwa ba ta ba mu wuya ba, tunda teku na yamma, ka ba ta baya ka fuskanci gabas. Abin da ya fi ba ni mamaki asuba: a Janairu sai bayan ƙarfe bakwai ake kiran salla, rana ba ta fitowa sai wajen takwas da rabi.

Malam Na Bakin Kasuwa:
Abin da kuka yi shi ne daidai a mazhabarmu. Tafiyar kasaru barid huɗu ce, mil 48, wajen kilomita 80. In matafiyi ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri, ya cika salla. Maganar Hajiya kuwa malamai sun riga mu tattauna ta, ba a kan mota ba, a kan jirgin ruwa. A Muhtasar, littafin fiƙihun mazhabarmu, an ce ko matuƙin jirgin da ke tafe da iyalinsa a ciki yana kasaru. Hambalawa ne suka ce irin wannan ya cika, tunda jirgin ya zama gidansa. Ashe Hajiya Bahambaliya ce ba ta sani ba.

Sai dai akwai wani sharaɗi a wurin: kada tafiyar ta zama ta saɓo, kada kuma ta zama ta wasa zalla. Misalin da masu sharhi ke bayarwa shi ne mai fita farauta don nishaɗi kawai, ba don nama ba. Shi an karhanta masa.

Ɗan Kurmi:
Allahu akbar! Malam ya gama magana. Tafiyar wasa. Abin da nake faɗa tun ɗazu ke nan, ga shi a littafi.

Malam Na Bakin Kasuwa:
A'a Alhaji, kada ka ɗauki rawanina ka naɗa wa gardamarka. Mutumin da ya shekara yana tashi ƙarfe huɗu yana tuƙa bas, ya ɗauki iyalinsa su sarara su ga ƙasar Allah, ban sa shi layi ɗaya da mai bin zomo don dariya ba. Alƙur'ani da kansa ya ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba. Tambayata ɗaya ce: an je Fas?

Baban Nana:
An je, Malam, a hanyar dawowa. Ai da ban je ba da ban isa in shigo zauren nan ba. Mun bar teku a Rabat muka shiga ciki, muka ajiye motar a wajen gari, don lungunan tsohon Fas ko jaki sai ya yi dabara. Mun yi ziyara a zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, muka tarar da 'yan Senegal da 'yan Najeriya cike. Kuma a duk masallacin da muka shiga a ƙasar, da Warshu ake karatu, bayan magariba a zauna a karanta hizbi baki ɗaya. Na rufe ido sai na ji kamar ina makarantar allonmu. A Kasablanka ma mun bar motar a Muhammadiya muka shiga jirgin ƙasa, muka yi Juma'a a masallacin Hasan na Biyu, wanda aka gama a 1993, wani sashensa a kan ruwa yake, hasumiyarsa ta haura mita 200.

Hajiya Ta Zongo:
Ni Sawirar nan nake so a ƙara mini. An ce akwai baƙaƙe masu kiɗa irin namu a can, gaskiya ne?

Maman Nana:
Hajiya, gani ya kori ji. Muna zaune a dandalin bakin tashar jiragen ruwa sai na ji ƙarar ƙarfe, kacau-kacau, na ce wa maigida wannan ai sambani ne. Muka matsa. Ga mutum da wata garaya babba mai tsirkiya uku, ga samari da huluna masu wuri suna juya kai. Jikina ya yi yar. Kakata a Mirya ta san masu bori, kuma wallahi salon bai da nisa.

Ɗalibin Rabat:
Su ne Ginawa, Mama. Jikokin bayin da aka ƙetaro da su Sahara ne. Garayar sunanta gimbiri, ƙarafan kuwa ƙaraƙib. Suna da zaman dare da suke kira lila, da turare da tufafi kala-kala, kowane aljani da launinsa da waƙarsa. A cikin waƙoƙinsu har yau ana ambaton Bambara da Fulani da Hausa. Garin kansa Sarki Sidi Muhammad ɗan Abdullahi ne ya gina shi a shekarun 1760 don ya zama tashar cinikin ƙasar, ayarin Tumbuktu nan suke sauke gashin jimina da ƙaro da zinariya, har ana yi masa laƙabi da tashar Tumbuktu. Tun 1998 ake yin bikin kiɗan Ginawa a can kusan duk shekara da bazara.

Ɗan Kurmi:
Ginawa ko Kanawa? Ku ji sunan da kyau. Mutanenmu ne, baki ne ya karkace. Ai ko jar fatar da Turawa ke kira fatar Maroko, ta akuyar Sakkwato ce, a da a nan ake jeme ta a ɗora wa raƙuma.

Ɗalibin Rabat:
Maganar fata gaskiya ce, Baba. Ta sunan kuwa, akwai masu cewa daga Kano ne, amma mafi yawan masu bincike sun fi karkata ga wata kalmar Berber da suke kiran baƙin mutum ko wanda ba a jin harshensa da ita, wadda ake jin ita ce ma asalin sunan Gini.

Ɗan Kurmi:
Masu binciken ba su zo Kurmi sun tambaya ba.

Uwar Biyu:
Baban Nana, wata tambaya mai nauyi. Ku baƙaƙe ne a cikin motar da aka saba ganin Turawa. Ba ku ga wani abu ba?

Baban Nana:
Mun gani, Hajiya. Yawancin mutane alheri muka samu a wurinsu, musamman in suka ji sallama suka ga uwargida da hijabi. Wata tsohuwa a Walidiya ta aiko mana kuskus ranar Juma'a ba mu san ta ba. Amma a shingayen hanya, motar Bature ta gabana a ɗaga mata hannu, ni a ce in tsaya gefe, a duba fasfo, a leƙa ƙarƙashin gado. Wani mai gadin fili ya tambaye ni ina maigidan motar, ya ɗauka direba ne ni. Waɗannan ban riƙe su ba.

Wanda na riƙe a kasuwar Lahadi ta Agadir ya faru. Uwargida na taya tumatir tana yi mini magana da Hausa, sai wani yaro, bai fi shekara 20 ba, ya tsaya cak ya ce, “Mama, sannu da cefane.” Ɗan wajenmu ne. Ta Agadas ya fita, ya bi ta Aljeriya, shekararsa biyu a Maroko. Muka tafi da shi mota, ta yi masa tuwo. Ya ci yana share ido da bayan hannu, ya ce rabonsa da miyar kuka tun gida. Da ya gama sai ya yi ta kallon akwatin da ke ƙarƙashin gadon, inda muke sa kujeru. Ya ce, “Baba, ai zan shiga nan.”

Na ce masa ba zai yiwu ba. A Tanja Med duk motar da za ta ƙetare sai an wuce da ita ta na'urar da ke ganin ciki, ga karnuka. Za a kama shi, ni a ɗaure ni, a ƙwace motar. Ya ce ya sani, ya dai faɗa ne. Ya ce to shi kudu zai yi, wajen Tarfaya, daga can tsibiran Kanari kilomita 100 ne kawai. Na roƙe shi da girman Allah kada ya hau kwalekwalen nan. Na ce in gida yake so zan biya masa. Ya yi murmushi ya ce da wane ido zai kalli mahaifiyarsa, ita da ta sayar da shanunta biyu. Muka ba shi abin da ya sawwaƙa da bargo ɗaya.

Bayan kwana biyar muna Lagzira, kusa da Sidi Ifni, inda jan dutse ya yi baka a kan rairayi kamar ƙofar gari. Da guda biyu ne manya, ɗaya ya rushe a 2016. Turawa na ɗaukar hoton faɗuwar rana, ni kuwa ruwan nake kallo ina lissafin kilomita 100.

Hajiya Ta Zongo:
Allah sarki. Allah ya kare shi, ya kare na kowa. Namu na Kumasi ma da yawa sun bi hanyar nan.

Ɗan Kurmi:
Amin. Alhaji, yau ba zan tsokane ka ba. Amma ka ga abin da ya sa zuciyata ba ta kwanta da yawon nan ba. Ruwa ɗaya, wani na shan shayi a bakinsa, wani na shirin mutuwa a cikinsa.

Maman Nana:
Alhaji, da muna zaune a Liyon ma yaron nan yana kasuwar, sai dai ba zai ci tuwon ba. Lambarsa na wurina, ranar Talata ma mun yi magana. Yana nan bai tafi ba, ya samu aikin tsinkar tumatir a gonakin rumfa na bayan Agadir. Kullum sai na ce masa ya bari a yi maganar komawa, kullum sai ya ce bayan Salla.

Uwar Biyu:
Allah ya saka, Yaya. Ni da maigidana muna Beljik, fasfonmu na Najeriya ne. Mu ma za mu iya?

Ɗalibin Rabat:
Mai fasfon Nijar ba ya buƙatar biza, kwana 90 ake ba shi, haka mai na Faransa ko Beljik. Mai na Najeriya sai da biza, amma tun 2022 wanda ke da katin zama na Turai yana iya nemanta ta intanet. Motar kuwa kwastan na ba ta wata shida, kuma a kan sunan wanda ya shigo da ita ake rubuta ta, da ita zai fita. Ku duba ko inshorarku ta haɗa da Maroko, in ba ta haɗa ba ana saye a tashar. Kada ku ɗauko ɗan jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama, karɓewa ake yi.

Makaniken Hambug:
Kuma kada ku ce haya za ku ɗauka a Beljik ku ƙetara da ita, yawancin masu ba da haya ba su yarda motarsu ta bar Turai. Ku fara gwada kwana uku a kusa da gida tukuna. In kun dawo kuna magana da juna, sai a yi zancen Maroko.

Uwar Biyu:
Yaya Maman Nana, ba ki faɗi sharaɗin ba.

Maman Nana:
Biyu ne. Yini ɗaya nawa, yini ɗaya nasa a murhu, ko da ƙwai zai soya. Na biyu, bana Damagaram za mu fara zuwa, kunkuru ya jira baɗi.

Ɗan Kurmi:
Hajiya, Allah ya ja zamaninki. Ni da ke layi ɗaya muke ashe.

Baban Nana:
Na farkon ne ban amince ba tukuna. Injiniya, ga hoton tabon na turo maka. Na danna da yatsa kamar yadda ka ce.

Makaniken Hambug:
Na gani. Ya lotsa?

Baban Nana:
Kaɗan.

Makaniken Hambug:
Kada ka bar ta a waje ruwa ya ƙara dukanta. Samo tsani ka hau ka ɗauko mini hoton bakin tagar rufin, ta wajen da aka liƙe da roba.